Ra'ayinmu: Amanar 'Yan Mata a Makarantun Kwana

A ranar 17 ga Nuwamba, 2025, kafin gari ya waye, 'yan bindiga suka auka wa makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati da ke Maga, cikin Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da ɗalibai 25. Bayan mako guda aka samu dawowarsu. Kafin wannan, ran 17 ga Yuni, 2021, irin wannan masifa ta faɗa wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, inda ragowar 'yan matan da aka sace ba su ga iyayensu ba sai cikin 2023. Duka biyun a Jihar Kebbi suka faru, kuma babu magidanci a Gwandu ko Kalgo ko Kambaza wanda labarin bai shiga zaurensa ba.

Tun daga lokacin maganar da ta cika bakin hukuma da jaridu ita ce ta katanga da ƙofa da masu gadi. Wannan magana daidai ce, ba mu da ja a kanta. Amma akwai wani ɓangare na amanar da ba a cika tada zancensa ba, wato kulawar da yarinya ke samu a cikin katangar, tun daga ranar da aka sauke mata akwati har ranar da ta rubuta jarrabawar fita. Uban da ya ɗauko 'yarsa mai shekara goma sha biyu daga Kambaza ya kai ta makarantar kwana, ya miƙa wa hukuma aikin da uwarta da gwaggonta da kakarta suke yi mata a gida. To, wa ke riƙe da wannan aiki in an rufe ƙofa?

A rubuce dai amsar tana nan. Manufar Ilimi ta Ƙasa wadda aka fitar a 1977 ta tanadi a naɗa malamai masu ba da shawara a makarantun gaba da firamare. A Oslo aka ƙaddamar da Yarjejeniyar Kare Makarantu cikin 2015, Nijeriya ta amince da ita, har ma Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya a kanta a watan Oktoba na 2021. Sai dai duk wanda ya yi makarantar kwana ya san cewa abin da ke takarda dabam, abin da ke ɗakin kwana dabam. Sau da yawa malamar shawara ita ce kuma malamar Turanci ko Lissafi, ga ajujuwa sun cika mata mako, ba ta da ko ɗakin da yarinya za ta zauna ta faɗi damuwarta ba tare da kunnen wani ba. Uwar ɗakin kwana kuwa, wadda ita ce ke fara ganin yarinyar da ta daina cin abinci, ko mai kuka da dare, akan bar ta ba horo, ba a ma gayyatarta taron malamai.

Abubuwan da ke fitar da yarinya daga makaranta ba duka ne ke zuwa da bindiga ba. Akwai zazzaɓin da ba a kula da shi ba har ya kwantar da ita mako biyu. Akwai al'adar wata da ta zo mata karon farko nesa da uwarta, ba auduga, ba ruwa, ba wadda za ta tambaya. Akwai zaluncin manyan ɗalibai a kan ƙanana, wanda ake kira horo alhali kuwa cin zali ne. Akwai kuma wadda ta tafi hutu aka yi mata baiko, aka dawo ba ita, aka kira sunanta kwana uku aka soke shi daga rajista, babu wanda ya taka ya je ya gai da mahaifinta. Da haka aji ke raguwa, sannu ba ta hana zuwa, har a wayi gari waɗanda suka kai aji shida ba su kai waɗanda suka fara ba.

Wannan ƙasa ba baƙuwa ba ce ga irin kulawar da muke nema. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda dattijuwar da ake kira jaji kan tattaro matan ƙauyensu, ta rako su wurin karatu, ta mai da su gida lafiya. Jaji ta san kowace da iyayenta, iyayen kuma sun san ta, shi ya sa suka yarda suka saki 'ya'yansu. Yardar iyaye ita ce jarin makarantar 'yan mata, jiya da yau.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilimi ta Jiha, da ta Tarayya wadda ke da Kwalejin 'Yan Mata a Gwandu, su duba abubuwa huɗu. Na farko, kowace makarantar 'yan mata ta sami malamar shawara wadda aka rage mata darussa, aka ba ta ɗaki nata. Na biyu, a horar da iyayen ɗakin kwana, a ƙayyade yawan yaran da ke hannun kowace, a ajiye nas da magani a cikin makaranta dare da rana. Na uku, a wajabta wa kowace shugabar makaranta ta aika da sunayen waɗanda ba su dawo hutu ba cikin mako biyu, a kuma tura malama tare da wakilin ƙungiyar iyaye da malamai su isa gidan kowace. Na huɗu, 'yan matan da suka kuɓuta daga hannun masu satar mutane a ci gaba da duba lafiyarsu da hankalinsu har su gama karatu, domin hoton da aka ɗauka da su ranar dawowa ba ya warkar da firgici.

Mun san za a ce babu kuɗi. Amma rabin abin da muka lissafa tsari yake bukata, ba kwangila ba. Sauran rabin kuwa, albashin nas da kwalin magani ba su kai asarar makarantar da aka gina da miliyoyi iyaye suka ƙaurace mata ba. Wasu kuma za su ce tarbiyya aikin gida ce. Haka ne, amma yarinyar da ke wata tara cikin shekara a makaranta, makarantar ce gidanta.

Mu ma da namu rabon aikin. 'Yan'uwa ɗalibai na jami'ar da ke Kalgo da na Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da yawanku za ku tsaya gaban allo a koyarwar gwaji ko a bautar ƙasa. Ku riƙe sunayen ɗalibanku, ku lura da wadda ta yi shiru, ku kai maganarta ga malama mace, ku kuma kiyaye kanku daga abin kunya, gama malamin da ya ci amanar ɗalibarsa ya rufe wa ƙannenta ƙofar makaranta. Ku kuma matasan ma'aikata, fayil ɗin neman nas ko gyaran famfo da ke kan teburinku, yara ɗaruruwa ne ke jiran sa hannunku. Kada ku bari ya kwana har zangon karatu ya ƙare.