Dillalin da Ba a Gani



A cinikin goro ko na shanu, dillali ba ya karɓar la'ada sai an tabbatar shi ya kawo mai saye. Tallan intanet ma yana neman irin wannan tabbaci, sai dai shaidarsa tana bin hanyar da mai saye ba ya gani.

Mutum ya ga tallan atamfa a Facebook, ya latsa. Adireshin da ya kai shi shagon yana ɗauke da wata lamba a wutsiyarsa. A shafin shagon kuma an dasa ɗan rubutun kwamfuta da Facebook ya fitar a 2015 da sunan Pixel, shi ke adana lambar a burauzar wayarsa cikin abin da ake kira kuki. Ran da ya biya kuɗi, ko bayan kwana uku ne, sai burauzar ta aika wa sabar kamfanin Meta cewa wancan da ya latsa ya saya, ga adadin. Nan take a ƙirga wa tallan ciniki ɗaya.

A Afrilun 2021 Apple ya wajabta wa manhajoji neman izinin mai iPhone kafin su bi sawunsa, har Meta ya ƙiyasta asarar dala biliyan 10 a 2022. Sai aka ƙarfafa wata hanya mai suna Conversions API: sabar shago ta gana da sabar Meta kai tsaye, ta miƙa lambar waya ko imel bayan an rikiɗa su zuwa jerin haruffa. Wai an ɓoye su ke nan! Alhali kamfanin yana riƙe da lambobinmu tun ranar rajista. Ya rikiɗa nasa, ya gwada, su dace.

Ba mu ƙi ɗan kasuwa ya san inda kuɗinsa ya tafi ba. Matasanmu masu sayar da kaya daga Nima ko Aboabo da ƙyar suke haɗa kuɗin talla, haƙƙinsu ne su san wanda ya yi albarka. Abin da muka ƙi shi ne a fitar da mai saye daga zancen. A hanyar farko yana iya share kuki. A ta biyu, saƙon ba ya ma bi ta wayarsa, balle ya tare shi.

Ghana tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012. Muna kira ga masu gina wa 'yan kasuwarmu shafuka su rubuta a fili, har da Hausa, kafin wurin biyan kuɗi, cewa lambar mai saye za ta je hannun wani kamfani, su kuma bar masa damar cewa a'a.