Ɗumama Mota Minti Goma Ba Ya Ceton Batir

Hunturuna na farko a Winnipeg, ƙasar Kanada, na kulle motata a gareji tun Nuwamba, saboda gishirin da ake watsawa a titi yana cin ƙarfe. Duk Asabar sai in tayar da ita, ta yi minti goma tana ruri, in kashe. A zatona gata nake yi mata. Da na ɗaga bonet a watan Maris, gefen batirin ya kumbura ya tsage, farin gari ya taru a kawunansa.

Shi ya sa nake roƙon ƴan'uwa sababbin zuwa su bar wannan ɗabi'a. Wutar da sitata ke zuƙa cikin sanyi, inji ba ya mayar da ita a minti goma yana tsaye. Ga agogo da kwamfutar mota suna tsotsa dare da rana. Batir mai cikakken caji, bolt 12.6, ruwansa ba ya daskarewa ko sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. In caji ya zube kuwa, asid ɗin da ke cikin ruwan ya tsinke, sai ya zama ƙanƙara ya fasa jikin batirin.

A sayi ƙaramar caja mai tsayawa da kanta idan batir ya cika, a bar ta jone har ƙanƙara ta narke. Kuɗinta bai kai na sabon batir ba. Wanda ba shi da soket a gareji ya cika batirin, ya kwance baƙar wayar nagetif, ya riƙa aunawa duk wata. Da ya sauka ƙasa da 12.4, a sake caji.