Ciwon Sukari: Shin Hoton Jijiya Zai Ceci Ƙafar Ɗan Kasuwa?

Tun da sojoji suka karɓe garin Sinja daga hannun dakarun RSF a watan Nuwamban 2024, bayan kusan watanni biyar, maganar gyaran asibitoci da sayen sabbin kayan aiki ba ta bar bakin jama'a ba. Muna ganin lokaci ya yi da za mu shigo da batun masu ciwon sukari cikin zancen, musamman wata dabara da likitocin ƙasashen waje ke gwadawa, ta amfani da na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, wajen gano lalacewar jijiya.

Ƙididdigar Ƙungiyar Yaƙi Da Ciwon Sukari Ta Duniya ta 2021 ta nuna cewa kusan mutum 1 cikin kowane baligai 5 a Sudan yana ɗauke da wannan ciwo, wato kimanin mutum miliyan 3 da rabi. Likitoci kuma sun ce kusan rabin masu ciwon za su gamu da lalacewar jijiya a tsawon rayuwarsu. Idan aka haɗa waɗannan biyu, babu layin kasuwa daga Sinja zuwa Mai Wurno har Damazin da za a rasa mai matsalar.

A nan Hausa takan rikita mu, domin komai jijiya muke ce masa. Akwai jijiyar jini, akwai kuma jijiyar ji, wadda ke kai saƙon zafi da sanyi da taɓi daga fata zuwa ƙwaƙwalwa. Ta biyun muke nufi. Sukarin da ya daɗe yana hauhawa a jini yana cinye ta sannu a hankali, kuma yakan fara da mafi tsawo, wato na yatsun ƙafa. Da farko mutum zai ji tafin ƙafarsa na raɗaɗi da dare, ko ya ji kamar tururuwa na yawo a kai. Daga baya sai ƙafar ta mutu murus. Haɗarin yana wannan mataki, domin mai ita yana zaton ya samu sauƙi. Ɗan kasuwar da ke loda buhunan riɗi da dawa, ko mai bin motar kaya zuwa Gallabat da Kurmuk sanye da silifa, zai taka ƙusa ko ƙaya ya wuni bai sani ba. Ranar da wari ya tona gyambon, sau da yawa magana ta kai ga likitan tiyata. Mafi yawan yanke ƙafar da ake yi wa masu sukari daga irin wannan ɗan rauni yake farawa.

To, me sikanin ke gani? Likita yakan ɗora kan na'urar a bayan idon sawu ko a wuyan hannu, ya auna kaurin jijiyar. Bincike daga ƙasashe da dama ya nuna cewa jijiyar da sukari ya taɓa takan kumbura ta fi ta mai lafiya kauri, wasu sabbin na'urorin ma suna auna taurinta. Babu allura, babu zafi, kuma cikin 'yan mintoci an gama. Tsohon gwajin da aka dogara da shi kuwa, na aika wutar lantarki kaɗan ta cikin jijiya a auna saurinta, yana buƙatar na'ura ta musamman da ƙwararre, abin da mutanenmu kan je nema a manyan birane. Yanzu har akwai ƙananan sikanin da ake haɗawa da wayar hannu, waɗanda likita zai iya sakawa a jaka ya shiga ƙauye da su. Ga yankin da wuta ke zuwa da tafiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma kada murna ta sa mu yi gaba da labari. Kan na'urar da ake duba ciki da shi an yi shi ne don hango abu mai zurfi. Jijiya tana kusa da fata, siririya ce, tana buƙatar wani kai daban, miƙaƙƙe, mai fitar da hoto tar. Sannan sai an samu wanda aka koya wa aikin, domin kaurin da ake aunawa na milimita ne, kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Mafi muhimmanci, ƙananan jijiyoyin fata, waɗanda sau da yawa su ciwon ke fara taɓawa, sikanin ba ya ganin su. Ana iya ce wa mutum hotonsa lafiya lau alhali ƙafarsa ta fara mutuwa. Shi ya sa manyan ƙungiyoyin likitocin sukari ba su sa shi cikin gwajin farko da ake yi wa kowa ba. Duk wanda ya ce muku hoto ɗaya ya wadatar, ku riƙe kuɗinku.

Gwajin da suka amince da shi abin dariya ne don arha. Wani ɗan zaren roba ne mai danna fata da ƙarfin giram 10, ana danna shi a wurare kaɗan a tafin ƙafa, mutum ya rufe ido ya faɗi ko ya ji. Akwai kuma ƙarfe mai rawa da ake ɗorawa a babban yatsa. Ba sa cin wuta, kuma ma'aikacin ƙaramin asibiti zai iya koyonsu. Ƙa'ida ita ce a yi wa babban mutum gwajin da zarar an gano yana da sukari, sannan a maimaita kowace shekara. Mu tambayi kanmu, mutum nawa a kasuwanninmu aka taɓa ce wa ya cire takalmi a ɗakin likita?

Ba muna cewa sikanin ba shi da rana ba ne. Masu sukari sun fi sauran mutane samun matsewar jijiya a wuyan hannu, kuma wannan ana iya gyara ta da ƙaramin aiki, sikanin kuma yana taimakawa wajen nuna ta. Yana kuma nuna ko hanyar jinin ƙafa ta toshe, abin da ke hana gyambo warkewa. Saboda haka idan hukumomin lafiya na Jihar Sennar za su sayi sabbin na'urori, ya kamata su haɗa da wannan miƙaƙƙen kai, su kuma tura mutum ya koyo. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, Cibiyar Jabir Abul Izz da ke Khartum ce masu gyambon sukari daga jihohi ke nufa. Yaƙin ya nuna mana illar tara gwaninta a birni ɗaya, ranar da hanya ta yanke.

Ko da hoto ko babu, maganin bai canja ba. Jijiyar da ta mutu da wuya ta dawo, abin da ake iyawa shi ne a tsare wadda ta rage ta hanyar daidaita sukari. Wannan kuwa ya dogara da samun ƙwayoyi ba yankewa, da insulin da zafi bai lalata ba, da rage shayin nan namu mai cokali uku da ake sha sau biyar a rumfa. Wanda ya daɗe yana shan metformin ya tambayi likita batun bitamin B12, domin ƙarancinsa ma yana lalata jijiya. Alwala kuma dama ce da muke da ita sau biyar a rana: a duba tafin ƙafa, a busar da tsakanin yatsu, a zazzage takalmi kafin a saka, kada a yi tafiya ba takalmi a kan rairayi mai zafi, kada kuma a kai ƙafa kusa da garwashi lokacin sanyi. Wanda ya ga fata ta tsage ko yatsa ya canja launi, ya rufe rumfa ya nufi asibiti a ranar, kada ya jira ranar kasuwa ta wuce.