Takardar bizit a hannu, amma wa ya duba birkin motar da ke kai yaranmu lakkol?

Akwai wata tambaya da ke yawo a bakin iyayen yara a Banifandu da sauran unguwannin Yamai, musamman idan an koma lakkol a watan Oktoba: motar da ke kwasar yaranmu, lafiyarta ƙalau kuwa? Idan ka tambayi direba, sai ya ciro maka takardu, ga farmi, ga kart giriz, ga asirans, ga takardar bizit teknik wadda wa'adinta bai ƙare ba. Sai bakinka ya mutu. Bayan mako biyu yaro ya dawo gida yana ba da labari cewa yau sai da direba ya taka birki sau uku kafin mota ta tsaya, ko kuma ƙofa da igiya ake ɗaure ta. Daga nan shakka ta shigo: shin waɗanda suka duba motar nan sun duba ta da gaske, ko akwai abin da ya wuce su?

Ra'ayina shi ne wannan shakka tana kan hanya, kuma bai kamata uba ko malami ya ji kunyar furta ta ba. Sai dai ya kamata mu san inda za mu aje ta, don kada mu zargi wanda bai yi laifi ba, mu bar ainihin ramin a buɗe.

Idan matsala ta bayyana a mota jim kaɗan bayan bizit, ɗaya daga cikin abubuwa uku ne ya faru.

Na farko, wataƙila abin da ya lalace ba ya cikin abin da ake dubawa tun asali. Mutane da yawa sun ɗauka bizit tamkar a kwance mota ne a duba hanjinta. Ba haka ba ne, ko a ƙasashen da suka daɗe da wannan tsari. A Faransa, inda aka wajabta shi tun 1 ga Janairu 1992, gyaran dokar da aka yi a watan Mayu 2018 ya kai wuraren da ake dubawa a jikin ƙaramar mota zuwa 133, amma mai dubawa ba ya kwance sassan motar. Idonsa da na'ura ne kawai suke aiki. A Ingila kuwa, gwajin da suke kira MOT, wanda ya faro a 1960, ba ya duba lafiyar cikin inji ko giya ko kuloci. Takardar tana shaida cewa a ranar da aka duba, motar ta cika mafi ƙarancin sharuɗɗan hawa titi. Ba ta yi wa kowa alkawarin gobe ba.

Na biyu, wataƙila matsalar daga baya ta zo. Wanda ya san lungunan Banifandu, da rairayi da ramukan da damina ke bari, ya san abin da suke yi wa ƙafar mota. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce maki 40, wanda ke gasa roba har ta tsattsage. Ga lodi: motar da aka ƙera don mutum biyar ta ɗauki yara tara ko goma da jakunkunansu, kullum sau biyu ko sau huɗu. Man birki kuma yana shan danshi a hankali, idan ya tsufa ya ji zafi sai ya tafasa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse babu kamu. Shi ya sa masu ƙera motoci da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Motar da ta fito lafiya a watan Oktoba tana iya zama haɗari a watan Fabrairu, takardarta kuwa tana nan sabuwa fil.

Na uku shi ne wanda ya fi ciwo: matsalar tana nan ranar bizit, amma aka wuce ta. Ko dai gaggawa da tsawon layi, ko na'ura ba ta aiki daidai, ko an kau da kai don sanayya ko don ɗan abin goro. A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sananniyar dabara ce a ƙasashenmu mai mota ya ari tayoyi masu kyau da fitila don ranar bizit, ya mayar wa mai su da yamma. Wanda ya yi haka ya yaudari mai dubawa na yini guda, amma ran da taya ta fashe, shi da yaran mutane ne a cikin motar.

Kada wani ya ce ai wannan halin baƙar fata ne. A ranar 6 ga Oktoba 2018, a garin Schoharie na jihar New York a Amurka, birkin wata doguwar motar haya ya tsinke a gangare, mutum 20 suka mutu. Bincike ya nuna masu binciken motocin haya na jihar sun riga sun hana motar aiki saboda matsaloli ciki har da na birki, amma duk da haka tana ɗauke da tambarin gwaji da wani gareji ya liƙa mata, kuma mai gudanar da harkar hayar ya ci gaba da ɗaukar fasinja. A 2023 kotu ta ɗaure shi. Nan kusa da mu kuwa, a ranar 8 ga Janairu 2023, motocin safa biyu suka yi karo a kusa da Kaffrine a Senegal bayan tayar ɗaya ta fashe, kimanin mutum 40 suka rasu, har gwamnatin ƙasar ta sanar da hana shigo da tayoyin gwanjo. Taya ɗaya ce ta jawo wannan makoki.

Akwai kuma dalilin da ya sa bizit ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da a Turai. Galibin motocin da ke yawo a Yamai sun gama rayuwarsu ta farko a wata ƙasa kafin su sauka a tashar ruwa ta Kwatano ko Lome. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoba 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. A daidai lokacin, masu bincike na gwamnatin Holan sun duba waɗanda ake lodawa daga ƙasarsu, suka tarar yawancinsu shekarunsu tsakanin 16 da 20 ne, kuma ba su da takardar shaidar lafiya mai aiki. Ma'ana, wasu motocin da aka ƙi a can su ne muke zuba yaranmu a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kisan masu shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyarmu ce ta fi kowace yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a. Masu shekara 5 zuwa 29 kuwa su ne ɗalibanmu da ƙananan malamanmu.

Wani zai ce, to tunda haka ne bizit ɗin ba shi da amfani, hanyar karɓar kuɗi ce kawai. Ban yarda ba. Na'urar gwada birki tana nuna abin da ido ba ya gani, misali ƙafar hagu tana kamawa fiye da ta dama, wanda shi ke sa mota ta karkace idan an taka da ƙarfi. Mai dubawa da ya shiga ƙarƙashin mota yana ganin tsatsa da yoyon man birki da sassan sitiyari da suka yi lako-lako. Idan likita ɗaya ya yi sakaci, ba a rufe asibiti. Wani kuma zai ce direban nan talaka ne, idan aka matsa masa ya sayi sababbin tayoyi huɗu, sai ya ƙara kuɗin wata, iyaye kuma ba su da shi. Wannan magana ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma idan iyayen yara takwas suka raba kuɗin tayoyi biyu na gaba a tsakaninsu, abin da zai faɗo kan kowa bai kai kuɗin jinya a gadon asibiti ba.

Ga abin da nake ganin ya kamata a yi. Duk wanda ya kai mota bizit ya tsaya ya ga ana dubawa, ya nemi sakamakon da aka rubuta, kada ya wadatu da tambari. Idan yana da shakka, ya kai motar wurin bakanike na daban, wanda ba shi ya saba gyara ta ba, ya ɗaga ta ya cire ƙafafu ya duba birki da idonsa. A Faransa doka ta hana cibiyar da ke duba mota ta yi sana'ar gyara, don kada mai jarrabawa ya zama shi ne mai cin riba. Malamai sun fi kowa gane wannan, don ba a ba malami takardun ɗansa ya yi wa maki a jarrabawar ƙasa.

Iyaye kuma akwai abin da za su iya dubawa ba tare da sun zama kanikawa ba. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2317 na nufin mako na 23 a shekarar 2017. Tayar da ta kai shekara 10, manyan masu ƙera taya sun ce a cire ta ko da zanenta bai cinye ba. A duba tsagewa da kumburi a gefe. A sa direba ya kunna fitilu da sigina, wani ya tsaya a baya ya ga ko jar fitila na kamawa idan an taka birki. A buɗe kowace ƙofa daga ciki da waje. A ƙirga kujeru, a ƙirga yara. Duk wannan bai fi minti goma ba.

Makarantu ma suna da rawar takawa. Kwamitin COGES da ƙungiyar iyayen yara za su iya rubuta sunayen motocin da ke jigilar ɗalibai, su ajiye kwafin takardunsu da ranar ƙarewar kowace, su kuma ɗauki bakanike guda amintacce da zai riƙa duba su a farkon kowane zango. Malamin da ke tsaye a bakin ƙofa da safe shi ne ya fi kowa ganin motar da ke zubar da mai ko wadda sai an tura ta. Ya faɗa wa darakta, darakta ya faɗa wa iyaye. Ita kuma hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ANISER, tare da ma'aikatar sufuri, muna roƙon su ba motocin ɗalibai kulawa ta musamman, su riƙa binciken ba-zata a kan titi, su kuma buɗe wa jama'a hanya mai sauƙi ta kai koke idan an ga mota mai takarda amma babu lafiya.

Mun yarda rai da ajali a hannun Allah suke, amma tawakkali bai taɓa hana mutum riƙo da sababi ba. Yaran nan amana ce a wuyanmu, mu iyaye da malamai da direbobi da masu duba motoci baki ɗaya. Wanda ya sa hannu a takardar motar da bai duba ba, da wanda ya ari taya don ya wuce, da wanda ya gani ya yi shiru, kowa zai amsa tambaya a kan nasa kason. Allah ya kiyaye mana zuri'a, ya kai su lakkol lafiya, ya dawo mana da su lafiya.