Takunkumi da Tatsuniya: Matsayin Hausa Wajen Karɓar Sabon Ɗalibi a Lokacin Annoba

A watan Maris na shekarar 2020 Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta ba da umarnin rufe makarantu domin daƙile yaɗuwar cutar korona. 'Yan ajin ƙarshe aka fara mayarwa a watan Agusta saboda jarrabawa, sauran kuwa sai wajajen Oktoba. A duk muhawarar da aka tafka a wancan lokaci, hankali ya fi karkata ga masu shirin fita makaranta, aka yi ko-oho da yaron da bai taɓa shiga aji ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, wannan yaro ya fi kowa buƙatar kulawa, kuma babban abin da zai kwantar masa da hankali yana cikin harshensa na uwa da adabin bakan da ya tashi a cikinsa.

A al'adance, ɗan Bahaushe ba ya faɗawa makarantar boko kai tsaye. Yakan fara bin yayyensa zuwa makarantar allo ko Islamiyya, inda yake koyon zama a gaban malami da rabuwa da uwa na 'yan sa'o'i. Dandali kuma yakan koya masa jiran layi da bin dokar wasa. Kullen 2020 ya rufe waɗannan kafofi gaba ɗaya. Darussan da wasu jihohi suka riƙa watsawa ta rediyo sun amfani wanda ya riga ya iya riƙe fensir, amma rediyo ba ya kama hannun yaro. Sai aka wayi gari yaro ɗan shekara shida ya fito daga ɗakin uwarsa ya tsaya a gaban baƙon da ya rufe rabin fuskarsa.

A nan ne batun ya shafi masana harshe. Mai koyon babbaƙu yana karanta bakin malami kafin ya karanta allo. Sautukan leɓe irin su b da ɓ da m da f, da leɓantattu irin su kw da gw da ƙw, ido yana taimaka wa kunne wajen gane su. Takunkumi ya kawar da wannan taimako, ya kuma dusashe murya. Ga shi kuma Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa, don haka da kunne kaɗai yaro yake rarrabe su. Idan aka ɗora masa Ingilishi a kan wannan wahala tun makon farko, an haɗa masa baƙunta biyu: baƙuwar fuska da baƙon harshe.

Hatta kalmomin annobar suna buƙatar nazari. Asalin takunkumi abu ne da ake ɗaura wa dabba a baki. Kulle kuwa yaro ya san shi da ma'anar zaman mata a gida. Manya sun faɗaɗa ma'anar waɗannan kalmomi cikin 'yan makonni, amma ba kasafai aka zauna aka yi wa yaro bayani ba. Malamin da ya ce masa «sa takunkuminka» ba tare da fashin baƙi ba, yana iya dasa masa jin cewa horo ake yi masa.

Mafita ba ta yi nisa ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko na muhalli a farkon firamare, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna ribar haka ga yaran Yarabawa. Ya dace makonnin farko su kasance na Hausa zalla. A buɗe kowace safiya da tatsuniya, domin Gizo da Ƙoƙi tsofaffin abokan yaro ne, kuma jin sunansu a aji yana shaida masa cewa bai bar gida baki ɗaya ba. Kacici-kacici yana sa mai kunya ya buɗe baki daga inda yake zaune. A wasanni ma akwai zaɓi: langa tana buƙatar gogayya, sai a jingine ta, amma 'yar gala-gala ɗaya bayan ɗaya ake shiga, ga ƙirga a cikinta. Inda jami'an lafiya suka amince, a fita ƙarƙashin bishiya, malami ya ja baya ya buɗe fuska na ɗan lokaci yara su ga murmushinsa.

Za a iya cewa ajin da ya cika maƙil ba ya ba da damar irin wannan lallashi, kuma iyaye da yawa Ingilishi suke ɗokin ji a bakin 'ya'yansu. Duka gaskiya ne. Sai dai tatsuniya ba ta buƙatar kujera ko littafi, kuma yaron da ya tsani makaranta a watan farko da wuya ya daɗe a cikinta har ya kai ga Ingilishin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Korona ta lafa, amma ɓarkewar mashaƙo a Kano a 2023 ta tunatar cewa annoba ba ta yin sallama. Nauyi ya rataya a wuyan sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi su tattara tatsuniyoyi da wasannin da suka dace da 'yan aji ɗaya, su daidaita kalmomin lafiya da fahimtar yara, su kuma shigar da wannan cikin horon malamai. Tun kafin a yi daram akan yi kwandi.