Baƙon Fadamar Ingila Ɗan Gida Ne a Nguru: Kallon Tsuntsaye da Nauyin da Ya Rataya a Wuyan Jami'o'in Arewa

Gabatarwa

Daga tsakiyar watan Maris zuwa ƙarshen Mayu, lokacin da zafin bazara yake gasa ƙasar Hausa, a Turai hunturu ne yake janye jiki. A wannan tsakani ne fadamun bakin teku na gabashin Ingila, irin su Cley da Titchwell a lardin Norfolk da Minsmere a lardin Suffolk, suke cika da jama'a tun kafin hudowar rana. Kowa yana rataye da madubin hangen nesa, da ɗan littafi a aljihu. Sukan shiga rumfunan katako da aka kafa a gefen ruwa, su zauna shiru suna dakon tsuntsaye. Da zarar labari ya bazu cewa wani baƙon tsuntsu ya sauka, kafin azahar motoci sun cika hanya, wasu ma daga nisan ɗaruruwan kilomita.

Bahaushen da ya ji wannan labari zai iya ɗaukar sa a matsayin aikin wanda ya ci ya ƙoshi ya rasa abin yi. Hukuncin yana da saurin yankewa, amma bai yi wa al'amarin adalci ba. Da yawa daga cikin tsuntsayen da ake yi wa wannan tururuwa sun kwashe watannin hunturu ne a dausayin Sahel, ciki har da na Haɗeja da Nguru. Don haka abin da ake gani a Cley cikin Afrilu rahoto ne a kan halin da ruwan Afirka ta Yamma yake ciki, kuma abin takaici ne a ce masu rahoton ba su karanta shi.

Me Ake Nema a Fadama?

Masu kallon tsuntsaye suna da dalilin fifita bazara. Tsuntsayen da suka yi ƙaura zuwa Afirka suna komawa arewa domin yin sheƙa, kuma fadamar bakin teku ita ce zangon farko da suke samun ruwa marar zurfi da taɓo mai ƙwari bayan doguwar tafiya. Idan iska mai ɗumi ta kaɗo daga kudu, wasu tsuntsayen da iyakarsu Sifen ko Faransa sukan zarce su faɗa Ingila. Ta haka ne alhudahuda yakan bayyana a can kusan kowace bazara, a yi ta ɗaukar hotonsa. Balbela ma, wadda kowane yaro makiyayi a ƙasar Hausa ya san ta a bayan shanu, ta daɗe cikin jerin baƙin da ake yi wa tattaki a Birtaniya, domin sai a shekarar 2008 aka fara tabbatar da ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe a lardin Somerset.

Wannan sha'awa ta haifar da hukumomi masu tsari. An kafa ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB a 1889. A 1926 wani likita mai suna Sydney Long ya jagoranci sayen fadamar Cley domin a keɓe ta ga tsuntsaye. A 1947 wani tsuntsun ruwa mai fari da baƙi, wanda bakinsa ya lanƙwashe sama, ya dawo yin sheƙa a Minsmere bayan ya shafe kimanin ƙarni guda bai hayayyafa a ƙasar ba, kuma shi ne a tambarin RSPB a yau. Tun daga 1959 akwai kwamiti na musamman da yake tantance duk wani iƙirarin ganin baƙon tsuntsu a Birtaniya. Sai an kawo bayanin kamanni da wuri da rana, da hoto idan akwai, kafin a shigar da shi kundi. Wato abin da ya faro a matsayin nishaɗi ya zama taskar bayanai ta shekaru masu yawa.

Darasin Shekarar 1969

Amfanin wannan taska ya fito fili a bazarar 1969. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda bai kai gwara nauyi ba, da yake cike da shingayen gonakin Birtaniya kowace shekara. A wannan shekara sai masu ƙidaya suka tarar fiye da kashi biyu cikin uku ba su dawo ba. Da masana suka bi diddigi, sai sawu ya kai su Sahel, inda ƙarancin ruwan sama na 1968 ya buɗe ƙofar farin da ya kai maƙura a 1973 da 1974, ya halaka dabbobi ya tagayyara al'umma daga Senegal har Habasha. Ke nan littattafan 'yan sa-kai a Ingila sun nuna alamar masifar Sahel tun kafin duniya ta farga da girmanta. Bincike na baya ya tabbatar da irin wannan alaƙa ga wasu tsuntsayen fadama: shekarar da damina ta yi kyau a Afirka ta Yamma, masu komawa Turai sukan yi yawa, shekarar da ta gaza, sukan ragu.

Dalilin a bayyane yake. Tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram goma sha biyu ba dole ne ya tara kitse, wani lokaci har ya kusa ninka nauyinsa, kafin ya tunkari Hamadar Sahara da Bahar Rum. Wannan guzuri a dausayin Sahel yake haɗa shi, a daidai ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya fi ƙaranci. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Idan dausayi ya ƙafe da wuri, tsuntsun zai tashi da ƙarancin guzuri, ya faɗi a cikin rairayi, babu mai gani balle mai ƙirgawa.

Tarihin sanin ƙaurar tsuntsaye kansa yana da tambarin Afirka. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a Jamus, aka tarar da mashin Afirka soke a wuyanta. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock, kuma tana cikin hujjojin farko da suka gamsar da Turawa cewa tsuntsayensu ƙetare hamada suke yi, a zamanin da wasu ke zaton ɓuya suke yi a cikin taɓo har hunturu ya wuce.

Ɗaya Bakin Igiyar

Dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ya ratsa jihohin Jigawa da Yobe, yana samuwa ne daga malalar kogunan Haɗeja da Jama'are kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe mai zuba a Tafkin Cadi. Yana cikin manyan masaukan tsuntsayen ƙaura a Sahel, tare da malalar Kogin Kwara ta tsakiyar Mali da mashigar Kogin Senegal. Ƙaramar agwagwa mai farar gira da Turawa ke kira gargani, wadda ganin biyu kacal a Titchwell kan faranta ran mai kallo, a nan garke-garke take sauka, tana cuɗanya da kirinjijiya da dinya. Wannan daraja ce ta sa Yarima Philip na Ingila ya ziyarci matattarar tsuntsaye ta Dagona a 1989, ta kuma sa tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da aka sanya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000.

Sai dai takardar yarjejeniya ba ta kawo ruwa. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da ta biyo baya a 1992 sun sauya yadda Kogin Haɗeja yake gudana. Ambaliyar damina da take shimfiɗuwa ta janye ta ragu, aka koma ga ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan yanayi ne ya ba ciyawar kacala damar mamaye hanyoyin ruwa, ta toshe wasu, ta jiƙe gonakin wasu har abada, ta bar wasu a bushe. Gauraka, wadda kakanni suka saba da kukanta a fadamu, yanzu ganinta a Nijeriya ya zama abin labari.

Akwai ƙorafin da ya cancanci a saurare shi da kunnen basira. Manomin shinkafa ko gero da jan-baki ya cinye wa gona cikin yini guda ba shi da dalilin ƙaunar tsuntsu, kuma wanda yake neman abin sawa a bakin salati ba za a ce ya sayi madubin hangen nesa ba. Gaskiya ne. Amma kacalar da ta kori tsuntsayen ruwa ita ce mafakar jan-bakin, kuma malalar da agwagwar ƙaura take buƙata ita ce take cika komar masunci, ta shayar da shinkafar fadama, ta tsiro da ciyawar da makiyayi yake dogaro da ita da rani, ta kuma ciyar da rijiyoyi ta ƙarƙashin ƙasa. Binciken da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a wannan dausayi ya zarce wanda ake samu idan aka karkatar da shi zuwa manyan ayyukan noman rani na sama. Maslahar tsuntsu da ta talaka a nan guda ce.

Rabon Jami'a da na Harshe

Abin koyi daga Ingila shi ne ɗabi'ar ƙidaya da rubutawa, fiye da tseren ganin baƙo. Tsuntsun da ya ɓata hanya yana jan taro, amma wanda aka saba gani kullum shi ne yake faɗin gaskiyar halin ƙasa idan ya fara raguwa. An riga an aza harsashi a Nijeriya: cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga, ƙarƙashin Jami'ar Jos, tana horar da ɗalibai masu digiri na biyu, kuma shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da aka fara a 2015 ya jawo matasa masu sa-kai, har da na Arewa. Abin da ya rage shi ne jami'o'in da suke maƙwabtaka da dausayin, a Dutse da Gashua da Damaturu da Kano, su mayar da ƙidayar shekara-shekara wani ɓangare na aikinsu na dindindin, ta yadda sakamakonta zai isa teburin masu yanke shawarar sakin ruwa daga Tiga da Challawa.

Sassan nazarin Hausa suna da nasu kaso, wanda babu mai iya ɗauke musu. Bahaushe tsohon mai lura da tsuntsaye ne. Ya san zuwan shamuwa albishir ne na damina, ya san alaƙar carki da sa, ya sanya zalɓe da ungulu da shirwa a cikin karin magana da tatsuniya da kirari. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana sunayen tsuntsaye masu yawa waɗanda ɗalibin yau ba zai iya nuna masu su ba ko da sun sauka a gabansa. Sauran ilimin yana bakin tsofaffin mafarauta da masunta da makiyaya, Hausawa da Badawa da Barebari da Fulani, kuma duk wanda ya kwanta dama daga cikinsu yakan tafi da nasa. Aiki ne da ya dace da kundin digiri: ɗalibin harshe da ɗalibin kimiyyar halittu su fita tare, ɗaya ya naɗi suna da abin da ake faɗa a kansa, ɗayan ya tabbatar da jinsi. Daga nan ne za a samar da littafin jagoran tsuntsaye da Hausa, wanda ɗan firamare a Nguru zai buɗe ya ga abin da ke shawagi a kan rufin makarantarsu.

Kammalawa

Kallon tsuntsaye a fadamun Ingila ya nuna abin da talakawa masu haƙuri da alƙalami za su iya tarawa cikin shekaru. Rabin rayuwar tsuntsayen da suke ƙirgawa a Sahel ake yin ta, kuma wannan rabin ne ya fi ƙarancin marubuta. Jami'o'in Arewa suna da ɗalibai, suna da harshe, dausayin kuma yana bakin ƙofarsu. Watan Janairu, lokacin da ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a faɗin duniya, yana zuwa kowace shekara, kuma ya kamata ya riƙa tarar da ɗaliban waɗannan jami'o'i a bakin ruwan Dagona da littattafansu a hannu.