Yajin aikin metro a Paris: wa ya ji jiki, kuma mi ya kawo maganar har Adar?

Daga ranar Alhamis 18 ga watan Satumba 2025 saƙonnin murya sunka riƙa shigo mana ta WhatsApp daga ƴan'uwa da ke Faransa, kowa na ba da labarin yadda ya sha tafiyar ƙafa kafin ya kai wurin aiki. Nan gida kuma, a kasuwar Lahadi ta Tawa, wasu dattawa sun tare mu da tambaya: wane irin jirgi ne wanga mai bin rami kamar gafiya, kuma in ya tsaya mi ya shafe mu? Shi ya sa munka ga ya dace mu zauna kan maganar.

Metro dai jirgin ƙasa ne mai aiki da lantarki, an haƙa masa hanya ƙarƙashin birni. Mutum ya sauka matakala, ya jira mintoci kaɗan, wani ya zo. Na Paris ya fara aiki tun 1900, yau yana da layi 16, kuma yana ɗaukar fasinja wajen miliyan 4 a yini guda. Wannan adadi ya fi yawan mutanen jihar Tawa baki ɗaya a ƙidayar 2012. Mu da layin dogonmu na Yamai zuwa Dosso, wanda anka yi bikin buɗewa a 2016, ke kwance har yau ba jirgi bisansa, dole abin ya yi mana wuyar hangowa.

Ruwa ba ya tsami banza. Gwamnatin François Bayrou ta ce bashi ya yi wa Faransa katutu, sai an tsuke bakin aljihu da wajen yuro biliyan 44 a kasafin 2026, har da soke ranakun hutu biyu. In an juya kuɗin nan zuwa sefa, sun ninka kasafin Nijar na shekara sau tara da wani abu. Majalisa ta kada Bayrou ranar 8 ga Satumba, kashegari shugaba Macron ya naɗa Sébastien Lecornu. Sabon firaministan ya janye maganar ranakun hutun, amma ƙungiyoyin ƙwadago sunka ce sauran shirin na nan, kuma wuyan talaka za ya shaƙe. Sai sunka fito tare, malamai da ma'aikatan lafiya da na sufuri. Hukuma ta ce masu zanga-zanga sun kai wajen 500,000, ƙungiyar CGT ta ce sun haura miliyan 1. Kowa da irin ƙidayarsa.

A cikin ramin metro, layi uku kaɗai sunka yi aiki yadda anka saba: na 1, na 4 da na 14. Dalili kuwa ba su da direba, na'ura ke tuƙa su. Sauran sai da safe lokacin tafiya aiki da marece lokacin tashi, su ma jefi-jefi. Jiragen da ke fita bayan gari su ma sun samu cikas.

Wannan magana ta jirgi marar direba a riƙe ta. Ƙarfin mai yajin aiki shi ne, in ya naɗe hannu komi ya tsaya. A yajin da anka fara ranar 5 ga Disamba 2019 kan dokar ritaya, wanda ya kai har cikin Janairun 2020, layi biyu ne, na 1 da na 14, ke tafiya ba matuƙi. Yanzu sun zama uku, ana kuma shirin ƙarawa. Duk layin da anka miƙa wa na'ura, muryar direbobi ta ragu kenan a teburin shawara, kuma su ma sun san da haka.

To wa ya ji jiki? Mai aikin ofis ya buɗe kwamfuta ya yi aikinsa daga ɗaki. Direban da ya shiga yaji ba a biyansa kuɗin ranar, gaskiya ne, amma aikinsa na nan yana jiransa, yana da ƙungiya a bayansa. Wanda ruwa ya doka shi ne wanda bai ja ruwan ba: mai sharar ofisoshi da ke farawa tun gari bai waye ba, mai gadi da ke tashi tsakar dare, mai wanke kwanoni a gidan abinci, mai aikin gini. A nan ne mafi yawan namu suke. Lokacin aikinsu ba ya dacewa da ƴan sa'o'in da anka bar jirgi ya yi tafiya, kuma gidajensu na can bayan gari inda haya ke da ɗan sauƙi. Layi na 4 na bi ta Château Rouge da Barbès, inda ƴan Afirka ke cefane, amma kafin mutum ya kai gare shi daga unguwarsa sai ya hau wani jirgin mai direba. Wanda ke aikin yini-yini, ko wanda takardunsa ba su cika ba, in bai je ba babu biya, ba kuma inda za ya kai kuka.

Mu yi lissafi. Mafi ƙanƙantar albashi a Faransa a 2025 yuro 11 da santim 88 ne a awa, kafin a cire abin da ake cirewa. Yinin awa 7 ya kama wajen yuro 83, wato kusan jika 54 na sefa. Ya fi kuɗin buhun hatsi, ya ma fi mafi ƙanƙantar albashin wata a Nijar, wanda ke jika 42. Kada dai wani ya ji haka ya ce yaro na kwance bisa kuɗi. Haya da abinci da katin jirgi sun cinye mafi yawa tun wata bai yi nisa ba, ɗan abin da ya rage shi ake aikowa gida. Mai gidan haya ba ya rage ko santim don an yi yaji. Saboda haka in an rasa yini guda, daga kason gida ake yanke shi.

Mun sani mafi yawan ƴan biɗarmu na Abijan, Legas, Libiya da Aljeriya, na Turai kaɗan ne. Amma wanga kaɗan ɗin, a garuruwa irin su Kaita, Tamaske, Barmu da Kalfu, sau da yawa mutum guda ke ɗauke da gida biyu ko uku. Ga lokacin da abin ya faɗo: tsohon hatsi ya ƙare a rumbu, sabo bai gama shiga ba, ga komawar yara lakwal a watan Oktoba. Iyaye, in saƙon wata ya zo da giɓi ko ya yi jinkiri, a tambaya da lalama kafin a yi fushi.

Duk da haka mu ba mu ga dalilin zagin masu yajin ba. Hutun shekara da ake biya, da iyakar awoyin aiki, da mafi ƙanƙantar albashin nan da munka lissafa, ba kyauta anka ba ma'aikatan Faransa su ba, kuma ɗanmu da ya samu takardu yana cin moriyarsu kamar kowa. A Landan ma haka anka yi a farkon watan Satumba 2025, ma'aikatan jirgin ƙarƙashin ƙasa na ƙungiyar RMT sun tsayar da aiki kwanaki a jere, suna neman a rage awoyin mako daga 35 zuwa 32 saboda gajiya, hukumar sufuri kuma ta tsaya kan ƙarin albashi na kashi 3.4 cikin ɗari.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne tsarin. A Faransa, a ayyukan hidimar jama'a, doka ta tilasta wa ƙungiya ta ba da sanarwa kwana 5 kafin yaji, ma'aikacin sufuri kuma ya faɗi da sa'o'i 48 cewa za ya shiga, don kamfani ya shaida wa jama'a layin da za ya yi aiki da wanda ba za ya yi ba. Wahala ce, amma wadda anka san ranarta. Mu nan mota kan tsaya ba sallama. Ku tuna ƙarancin mai na watan Maris na 2025, yadda ƴan kabu-kabu sunka yini bisa layi a gidajen mai. Ku tuna albasar Galmi da ta ruɓe cikin manyan motoci a 2023 da anka rufe iyakar Benin. Ga hanyar Tawa zuwa Agadas ta Tabalak da Abalak, wadda ke cin taya da ƙashin bayan direba. Direbobinmu na da ƙungiyoyi, amma da yawansu ba takardar aiki tsakaninsu da mai mota, in ka ajiye makulli yau, gobe yaron mota ya ɗauka. Su ba na'ura ke jiran kujerarsu ba, rashin aikin yi ne.

Shugabannin ƙwadagon Faransa sun gana da Lecornu ranar 24 ga Satumba, sun fito sun ce ba su ji abin da ya gamsar da su ba, sun sa ranar Alhamis 2 ga Oktoba don sake fita.